Ba a fafe gora ranar tafiya: ruwan mota da zafin bazara

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Maraɗi da Tasawa har zuwa Damagaram, cikin watan Afrilu ko na Mayu, ya san abin da za mu faɗi. Ga mota tsaye a gefen gudron, murfin inji a buɗe, tururi na tashi kamar an buɗe madambaci. Fasinjoji sun watsu ƙarƙashin aduwa, mata na fifita ma jarirai da bakin zane, yaron mota kuwa ya saɓa bido ya nufi ƙauyen da ko rumbunsa ba a hango ba. In ka tambayi direba abin da ya faru, sai ya ce mota ce ta yi zafi, ya ɗora ma rana laifi.

Rana ta na da nata kaso, wannan babu musu. Cikin bazara zafi ya kan wuce digiri 40 a yawancin garuruwanmu, wani lokaci ya taɓa 45, kuma a Bilma an auna fiye da digiri 48 cikin watan Yuni na shekara ta 2010. Amma motocin da suka wuce wannan direba lafiya lau, su ma cikin ranar nan su ke tafiya. Bambancin da ke tsakaninsu ya na can cikin radiyatar, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira lagireto, da kuma irin kulawar da aka yi mata watanni kafin ranar tafiya.

Maganar ba ƙarama ba ce ga ƙasa irin tamu wadda ba ta da bakin teku, wadda kusan duk abin da ta ke saye da sayarwa bisa taya ya ke tafiya. Albasar Galmi da ta kwana uku cikin kamiyo a rana ta zama hasara. Shanun da aka ɗauko daga kasuwa ba su jure tsayuwa babu ruwa. Motar asibiti da ta tsaya da mai naƙuda a tsakiyar daji kuwa, abin ya wuce batun dukiya. A arewa lamarin ya fi haka tsanani. Cikin watan Oktoba na 2013 mutum 92, mafi yawansu mata da yara, da dama daga yankin Kance, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu biyu sun lalace. A 2017 wasu 44 suka rasu ta wannan hanya tsakanin Agadas da Dirku. Allah ya jiƙan su. Motar da ta tsaya a hamada, ko mene ne ya tsai da ita, ruwan da ke cikin bido shi ne ran mutane, kuma injin da ke yoyo da mutanen da ke jin ƙishirwa daga bido ɗaya za su sha.

Daga ina zafin ya ke fitowa?

Inji wuri ne na ƙona mai. Cikin kowane silinda a na gauraya isansi ko gazuwal da iska, wuta ta kama, kuma zafin wannan wuta ya kan wuce digiri 2000, alhali alminiyam da a ke yin kan inji da shi ya na narkewa a wajen digiri 660. Cikin ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta isansi, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke juya taya. Wani kashi ɗaya ya na fita ta bututun hayaƙi. Ragowar kashi ɗayan ya na shiga jikin ƙarfe, kuma dole a fitar da shi nan take, in ba haka ba baƙin mai ya tsinke, ƙarfe ya kumbura, fistin ya kafe cikin silinda.

Wannan aiki shi aka ba ruwa. Dabarar kuwa kowace uwar gida ta san ta. In kunu ya yi zafi yaro na kuka, ba a barin shi cikin ludayi: a na juye shi cikin faffaɗar ƙwarya a baza shi, a ɗauki faifai a fifita. Haka radiyatar ta ke yi. Ta na karɓar ruwan zafi daga inji, ta rarraba shi cikin siraran bututu masu yawa waɗanda aka kewaye da ganyayen ƙarfe kamar saƙar zuma, iskar tafiya da ta fanka su ratsa tsakaninsu su kwashe zafin, ruwan ya koma inji ya sake ɗaukowa.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane direba ya riƙe. Yawan zafin da radiyatar ke iya zubarwa ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar waje. Ruwan inji mai lafiya ya na aiki a wajen digiri 90. Da safiyar hunturu, in iska na digiri 20, tazarar digiri 70 ce. Da azahar ɗin bazara, in iska ta kai 45, tazarar ta koma 45, wato ƙarfin radiyatar ya sauka zuwa wajen kashi biyu cikin uku. Shi ya sa radiyatar da ta toshe rabi da rabi za ta yi ta aiki tun daga Nuwamba har Fabrairu ba wanda ya san ta na da ciwo, sai Afrilu ta zo asiri ya tonu. Bazara mai tonon asiri ce kawai, ciwon ya riga ta zuwa.

Masu aikin su biyar ne

Bayan radiyatar kanta, akwai famfon ruwa, wanda ke tura ruwan ya zagaya. A tsofaffin motoci kurwa ce ke juya shi, wato abin da a wasu wurare a ke kira fambel. A motoci da yawa na yanzu kurwar da ke daidaita bugun inji ce ke juya shi, saboda haka a ke canza su tare.

Akwai fanka, wadda aikinta ya fi bayyana sa'ad da mota ke tsaye cikin cunkoson gari ko ta ke jan ciki cikin rairayi, lokacin da iskar tafiya ba ta isa. Wata kurwa ke juya ta, wata kuma lantarki, ta na tashi da kanta in ruwa ya kai wani zafi.

Akwai termosta, ƙaramar ƙofa ce a bakin hanyar ruwa. A cikinta akwai kaki irin na kyandir. In inji na da sanyi ƙofar a rufe ta ke, ruwa na zagayawa cikin inji kaɗai don ya yi ɗumi da wuri. In zafi ya kai tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon irin mota, kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce zuwa radiyatar.

Na biyar shi ne marufi, wato bushon, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, ya kuma fi kowa shan raini. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ya na tafasa a digiri 100. In aka rufe shi aka matse, sai ya jinkirta tafasa. Marufin radiyatar ya na riƙe matsi na wajen bar 1, lambar a rubuce ta ke a samansa, kuma da wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 shi ne guzurin inji a hawan tudu da tsakar rana. Motar da robar marufinta ta mutu, ko wadda aka toshe bakinta da tsumma, ta zubar da wannan guzuri tun ba ta bar tasha ba.

Ba rana ɗaya aka kai ga wannan tsari ba. Motar farko ta Karl Benz a Jamus ruwanta tafasa ya ke yi ya tafi, har matarsa Bertha, a tafiyar da ta yi ta kilomita 106 cikin 1888, sai da ta riƙa tsayawa neman ruwa a hanya. Wilhelm Maybach ne ya sa radiyatar mai kamar saƙar zuma cikin motar Mercedes ta 1901. Motocin Citroën guda 8 da suka ƙetare Sahara suka bi ta Yamai da Damagaram a ƙarshen 1924, an ɗora ma radiyatar ɗinsu wani abin tare tururi ya mai da shi ruwa, don kada ɗigo ya salwanta. Renault 4 kuma, wadda ta fito a 1961, ita ta yaɗa rufaffen tsari mai ƴar butar ajiya a gefe, inda ruwa ke shiga in ya kumbura, ya koma in ya huce. Kusan duk motocin yau haka su ke.

Irin ruwan da mu ke zubawa

Babban abin da ke cinye radiyatar a ƙasarmu shi ne ruwan da mu ke zuba mata. Direba ya tsaya bakin rijiya, ko tabki, ko famfon tasha, ya cika ya wuce. To, ruwan rijiyoyi da yawa ya na ɗauke da farar ƙasa narkakkiya, a wasu yankuna kamar Boboye da Manga har da kanwa da gishiri. Wanda ke son ya ga abin da irin wannan ruwa ke yi, ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi: wannan farin ɓawo da ya manne a gindinta, shi ne ke mannewa cikin bututun radiyatar da hanyoyin ruwa na inji. Ɓawon nan ba ya barin zafi ya ratsa, kuma ya na ƙuntata hanya har ta toshe. Ruwan tabki kuma da laka ya ke zuwa, ta kwanta a ƙasa. Gishiri na cin alminiyam, tsatsa na cin baƙin ƙarfe da fikafikan famfo. In ka buɗe marufi ka ga ruwa ja kamar na kududdufi, to, jikin injinka ne ka ke gani ya narke a ciki.

Saboda haka ne aka yi ruwan radiyatar na kanti, mai launin kore, ko ja, ko shuɗi, ko rawaya. Mutane da yawa na cewa wannan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne cewa gilikol da ke ciki ya na hana daskarewa: in aka gauraya shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da ba mu gani a nan, ko da ya ke a duwatsun Ayar da yankin Kawar daren hunturu ya kan kai inda ruwa ke daskarewa. Amma wannan ɗaya ne daga amfaninsa. Ya na ƙara jinkirta tafasa da wajen digiri 7, kuma mafi muhimmanci, a cikinsa akwai magungunan hana tsatsa da cin ƙarfe. Wannan shi ne abin da mu ke buƙata a Maraɗi da Tawa kamar yadda a ke buƙatar sa a Turai. Radiyatar ɗin da, ta jan ƙarfe da tagulla, ta na da haƙuri, kuma a na liƙe ta da dalma. Ta yanzu alminiyam ce mai kai da gindi na roba, ba ta jure ruwan banza, kuma in robar ta tsage gyaranta ba ya daɗewa.

A lura da abu uku. Na farko, a karanta jikin galan: akwai wanda aka riga aka gauraya, a zuba shi yadda ya ke, akwai mai kauri wanda sai an surka. Mai kauri tsantsarsa ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, zuba shi babu surki ƙara ma inji wahala ne. Na biyu, ruwan surki ya zama tatacce, irin wanda a ke sayarwa don ƙara ma batir, amma a tabbata ba asid ba ne, don a wuri ɗaya a ke sayar da su kuma kwalaben na kama da juna. In babu, ruwan sama da aka tara cikin tsabtataccen mazubi aka tace ya fi na rijiya nesa. Na uku, launi ba shi ke nuna iri ba. Kamfanoni biyu su kan sa launi ɗaya ga magani dabam, kuma gauraya iri biyu na iya rage ƙarfinsu ko ya kawo dasƙari. Littafin mota shi ke faɗin wanda ya dace.

Sai jan kunne ga masu iyali. Gilikol guba ne mai zaƙi a baki, ya na kashe ƙoda. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha, kada a bar shi inda yaro zai kai hannu, kada a tsiyaye tsohon a ƙasa inda awaki da kaji ke sha, balle kusa da rijiya. Yaron da ya sha, a kai shi asibiti nan take, ko da ba a ga alamar komi ba, don ciwon ya kan ɓoye sa'o'i kafin ya bayyana.

Dabarun da ke kashe inji

Akwai wasu dabaru da suka zama al'ada a garejinmu, waɗanda ke biyan buƙatar yau su jawo hasarar gobe.

Ta farko ita ce cire termosta. Mota ta zo daga Turai, tun ba ta yi wata ba sai a ce wannan abin na ƙasar sanyi ne, a cire a yar. Amma termosta mai lafiya, in inji ya yi zafi, a buɗe ta ke wangame, ba ita ke hana ruwa wucewa ba. Injin da aka cire ma ita ya na daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da safiyar hunturu, kuma inji mai sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. A motocin da kwamfuta ke auna ma mai, in ta ji inji da sanyi sai ta yi ta ƙara masa isansi. Bayan haka, a injuna da yawa termosta idan ta buɗe hanyar radiyatar ta na rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. In babu ita, wani kaso na ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar ya na kauce ma radiyatar. In a na zargin termosta, gwajinta ba wuya: a saka ta cikin tukunyar ruwa bisa wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwa ya tafasa, ta rufe in ya huce. Wadda ta ƙi buɗewa a canza ta da sabuwa mai lamba ɗaya.

Ta biyu ita ce zuba ƙwai, ko garin barkono, ko garin taba, ko sabulu cikin radiyatar don tsai da yoyo. A tsakiyar daji, inda babu wata mafita, wannan na iya kai mutum gari na gaba, ba mu ƙaryata ba. Sai dai abin da ya toshe huda ba ya da ido, ya na toshe lafiyayyun bututu ma. Wanda ya yi haka don lalura, da isarsa gari ya sa a wanke radiyatar a liƙe hudar yadda ya kamata.

Ta uku ita ce haɗa fankar lantarki kai tsaye da makulli don ta yi ta juyawa ba hutu. Wannan ɓoye ciwo ne. Abin da ya lalace, walau fis ne ko ɗan ma'aunin da ke ta da fankar, ya na nan a lalace, fankar kuma ba a yi ta don aiki dare da rana ba, wata rana za ta ƙone a inda ba a so.

Ta huɗu ita ce toshe ma mota hanci. A ɗaura salka, ko bido, ko tabarma, ko manyan fitilu da allunan ado a gaban ragar iska, sa'an nan a yi mamakin zafi. A haɗa da lodin da ya wuce ƙa'ida, motar mutum 18 ta ɗauki 25 da buhuna bisa rufi, sai a ga an ƙara ma inji wuta an kuma rage masa iska a lokaci ɗaya.

Dubawar safe da gyaran shekara

Kowace safiya, tun inji na da sanyi, direba ya duba ruwa. A butar ajiya akwai zane biyu, na sama da na ƙasa, ruwa ya tsaya tsakaninsu. Ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai jiƙa. Rufaffen tsari mai lafiya ba ya shan ruwa. Motar da kullum sai an ƙara mata, yoyo ta ke yi ko marufinta ya mutu, kuma nemo wurin ya fi yawo da bido.

Kowane mako ya matsa tiyo da hannu. Wanda ya yi tauri kamar ice, ko ya yi laushi kamar tsumma, ko ya kumbura kusa da maɗauri, kwanansa ya ƙare. Ya danna kurwa da babban yatsa a tsakiya: a tsofaffin motoci ta lotsa wajen santimita 1, kada ta wuce haka, kuma kada a ga tsaga ko sheƙi a jikinta. Ya dubi famfon ruwa: akwai ƴar huda a ƙarƙashinsa, in ta na ɗiga ko ta bar farin sawu, ko famfon na ƙara, ya kusa tsayawa. Ya dubi fuskar radiyatar. Ƙurar hunturu, da ƙarangiya, da fara, da ledoji su kan cika tsakanin ganyayen, musamman a ratar da ke tsakaninta da ragar na'urar sanyi da ke gabanta, inda ido ba ya kai wa. A wanke da ruwa marar ƙarfi ko a hura da iska, daga ɓangaren inji zuwa waje. Ruwa mai ƙarfi na masu wankin mota ya na kwantar da ganyayen, kuma ganyen da ya kwanta ƙofa ce da ta rufe.

Babban gyara kuwa lokacinsa Fabrairu ne ko farkon Maris, kafin rana ta buɗe. Ruwan kanti irin na da a na canza shi duk shekara 2, irin na zamani mai daɗewa ya kan kai shekara 5, amma motar da aka sha surka mata ruwan rijiya ba za ta jira haka ba. Ga yadda aikin ya ke. A bari inji ya huce sarai. A buɗe mafitar ƙasa a tare tsohon ruwa cikin mazubi. A ɗura tsabtataccen ruwa, a ta da inji ya yi ɗumi, a bari ya huce a sake zubarwa, a yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. In radiyatar ta toshe ƙwarai, a cire ta a kai ma masu wanke ta. Sa'an nan a zuba sabon ruwa sannu a hankali. Ƙaramar mota ta kan ci lita 5 zuwa 8, babban kamiyo fiye da 30. Sai matakin da gaggawa ke sa a tsallake, wato fitar da iska. Iskar da ta maƙale cikin kan inji ta na hana ruwa taɓa ƙarfe a wurin, wurin ya yi ta gasuwa alhali allura na nuna lafiya. A buɗe na'urar ɗumi ta cikin mota, a kwance ƴan kusoshin fitar da iska in motar na da su, kamar yadda motocin Peugeot da Renault da yawa ke da su, a bar inji na aiki har termosta ta buɗe fanka ta tashi. Bayan ya huce a sake duba ruwa a cike giɓi. Marufi kuma a canza shi in robarsa ta tsufa. Kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

In allura ta hau a hanya

Idon direba ya riƙa komawa kan allurar zafi kamar yadda ya ke komawa kan madubi. In ta fara wuce inda ta saba tsayawa, a kashe na'urar sanyi, a rage gudu, a kunna na'urar ɗumi da duk ƙarfinta a buɗe tagogi. Fasinja za su yi gunaguni, amma na'urar nan ƙaramar radiyatar ce, ta na taya babbar zubar da zafi. In allura ta shiga ja, ko jar fitila ta kama, ko tururi ya fito, a nemi gefen hanya a kashe inji. Kada a ce bari mu ƙarasa garin can da mu ke hange. Ƴan mintoci cikin ja sun isa su lanƙwasa kilas, wato kan inji, su ƙone juwan da ke tsakaninsa da gangar jikin injin.

Sa'an nan a yi haƙuri. Kada a taɓa marufi sai bayan aƙalla minti 30, sai tiyon sama ya yi laushi a na iya riƙe shi da hannu. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa. Da an buɗe, sai ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri zuwa fuska da ƙirji. Yaran mota nawa ke yawo da tabon wannan gaggawa, alhali uban gidansu ne ya ce su buɗe! In lokaci ya yi, a rufa tsumma mai kauri, a kau da fuska, a murɗa kaɗan a bari huci ya fita, kana a cire. Kada a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi ko cikinsa, ƙarfe na iya tsagewa kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka tsoma cikin randa. A zuba kaɗan kaɗan, inji na aiki a hankali. A irin wannan hali kowane tsabtataccen ruwa ya halatta, gyara ya biyo baya.

In tsautsayi ya faɗa wani ya ƙone, a yi ta zuba ma wurin ruwa mai sanyi har minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko baƙin mai, ko gishiri, kuma kada a fasa bororo.

Bayan mota ta taɓa tafasa, a sa mata ido kwana biyu. In farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa daga bututu bayan inji ya yi ɗumi, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, ko a ga kumfa na tasowa cikin ruwan radiyatar, ko ruwa na raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, to, juwan ya ƙone. Ci gaba da tafiya a haka sayen sabon inji ne.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ba direba kaɗai ke da alhaki ba. Mai mota da ke ƙirga kuɗin da aka kawo masa kowane dare, amma ya ɗaure fuska in an ce a sayi tiyo ko galan na ruwan kanti, shi ne zai biya kuɗin kilas da fistin, kayan da daga waje a ke shigo da su da tsada, ya kuma yi hasarar kwanakin da mota za ta yi a gareji. Shugabannin gareji su koya ma yaransu neman tushen ciwo, don abin da yaro ya gani a hannun maigidansa shi zai yi shekara 30 ya na yi ma motocin jama'a. Shugabannin tasha, waɗanda ke duba layi da lodi, ba zai gagare su ba su duba cewa motar da za ta yi doguwar tafiya ta na da marufi na kirki, da kurwa da tiyo na ajiya, da ruwan inji dabam, ruwan shan fasinja dabam. Masu bin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, da masu shiga Tenere, su riƙe ruwa fiye da lissafinsu, su kuma sanar da wani hanyar da za su bi da ranar da ya kamata su isa.

Fasinja ma na da bakin magana. In ka ga a na ɗura ma mota ruwa tun a tasha, ƙasa kuma ta jiƙe a ƙarƙashinta, ka na da iko ka tambaya kafin ka ɗora iyalinka a ciki.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Bazara ba ta taɓa saɓa alkawari ba, kowace shekara a kan lokacinta ta ke zuwa. Wanda ke da mota ya buɗe murfin injinta tun da sauran sanyi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.